Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Mata Da Kakanni Baƙar Fata Na Amurka

Zuwa ga iyayenmu mata da kakanninmu baƙar fata na ƙasar Amurka,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa irin wadda 'ya take yi wa mahaifiyarta, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga ƙetaren tekun Atlantika, daga nahiyar da aka kwashi kakannin kakanninku aka loda a jiragen ruwa. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ni da hurumin koya muku tarbiyyar 'ya'yan da kuka raina cikin wahalar da ku kaɗai kuka san nauyinta. Sai dai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na ga ya halatta in zo muku da roƙo guda ɗaya. Roƙon kuwa shi ne ku zaunar da 'ya'yanku mata da jikokinku, ku ba su labarin kanku dalla-dalla, musamman labarin cikin da kuka ɗauka, da naƙudar da kuka sha, da ɓarin da kuka ɓoye, da abin da ya same ku a gadon asibiti, tun kafin su ma su kai ga ɗaukar nasu cikin. Kun gadar musu da juriya, duniya kuwa shaida ce a kan haka. Abin da nake tsoro shi ne a haɗa musu da shiru a cikin gadon.

Ba zai kyautu in nemi wannan abu a wurinku ba tare da na waiwayi inda shirun ya samo asali ba, domin ba rashin ƙauna ne ya haife shi ba. A shekarar 1662 majalisar dokokin Virginia, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila, ta kafa dokar da ta ce matsayin ɗa yana bin na mahaifiyarsa: in uwa baiwa ce, duk abin da ta haifa bawa ne, ko da kuwa ubangijinta ne ya yi mata cikin. Dokar Ingila ta asali tana jingina ɗa ga ubansa ne, amma a nan aka juya ta, don kada ɗan da Bature ya haifa da baiwarsa ya sami 'yanci ko gado. Da wannan doka aka mayar da mahaifar baƙar mace hanyar tara wa wani dukiya, aka kuma sa abu na farko da uwa take miƙa wa 'yarta ya zama bauta. Da aka hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, sai hankalin masu gonaki ya ƙara karkata ga haihuwar bayin da ke hannunsu, har Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya rubuta a wata wasiƙarsa ta 1820 cewa baiwar da ke haihuwa duk bayan shekara biyu ta fi masa riba a kan namijin da ya fi kowa aiki a gona. Kafin yaƙin basasa an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gonakin auduga da rake na can ƙuryar kudu, kuma mai saye ba ruwansa da wace ce uwar wa.

Lokacin da aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a birnin Washington a 2016, cikin kayan da aka baje akwai wani tsohon buhu da ya sha jiki, wanda aka tsinta a wata kasuwar gwanjo a jihar Tennessee a 2007. A jikinsa akwai rubutun da wata mata mai suna Ruth Middleton ta yi da zare da allura a 1921. Rubutun ya bayyana cewa Rose, mahaifiyar kakarta Ashley, ita ce ta ba Ashley wannan buhu ranar da aka sayar da ita tana 'yar shekara tara a South Carolina. A ciki ta sa mata wata yagaggiyar riga, da cikin hannu uku na 'ya'yan itacen pekan, da silin kitso daga gashin kanta, ta kuma ce mata buhun cike yake da ƙaunarta har abada. Ba su sake ganin juna ba. Yawancin masu jin wannan labari Rose suke yi wa kuka, kuma ta cancanci hakan. Ni kuwa Ashley ce ta fi tsaya mini a rai, domin yarinyar da aka raba da uwarta a wannan shekaru tana da kowane irin dalili na binne wannan rana a cikinta har ta koma ga Mahaliccinta. Ba ta yi haka ba. Ta faɗa, wadda ta ji ta riƙe, har maganar ta isa ga jikar da ta ɗinka ta a jikin buhun. Da Ashley ta kame bakinta, da yau buhun tsumma ne kawai, da kuma sunan Rose ya bi sahun na miliyoyin matan da ƙidayar 1850 da ta 1860 suka rubuta da shekaru da jinsi da launin fata kaɗai, a ƙarƙashin sunan wanda ya mallake su. Sai a ƙidayar 1870 ne mafi yawan baƙaƙen fata suka fara bayyana da sunayensu a takardun gwamnati. Bayan an soke bauta a 1865 kuwa, jaridu irin su Christian Recorder sun shafe shekaru suna buga cigiya, 'ya'ya matan da suka fara furfura suna neman uwar da aka raba su da ita, suna ambaton sunanta da sunan wanda ya saye ta da garin da aka yi mata ganin ƙarshe, ana kuma karanta cigiyar a coci-coci ko Allah zai sa a dace. Ashe ke nan faɗar labari tsohuwar al'ada ce a gidanku, ba baƙon abu nake kawo muku ba.

Amma tare da wannan gado wani gadon ya taso, na zurfin ciki, kuma shi ma da hujjarsa. Harriet Jacobs, baiwar da ta gudu daga ubangijinta, ta kwashe kusan shekara bakwai a ɓoye cikin wani ɗan matsatsin wuri a ƙarƙashin rufin gidan kakarta a garin Edenton na North Carolina, wurin da ba ta iya miƙewa tsaye, tana leƙen 'ya'yanta ta wata 'yar huda, ba a kuwa gaya wa yaran tana nan ba, domin suɓutar bakin yaro ɗaya ta isa ta hallaka gidan gaba ɗaya. A wancan zamani rufe baki shi ne tsira. Daga baya, da baƙaƙen fata kimanin miliyan shida suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970, mata da yawa sun tafi da abubuwan da ba su taɓa furtawa ba: fyaɗe, da dukan miji, da wulaƙancin gidajen Turawan da suke yi wa wanki da raino, alhali nasu 'ya'yan suna hannun kaka. Masaniyar tarihi Darlene Clark Hine ta yi bayanin wannan ɗabi'a a 1989, inda ta nuna yadda baƙaƙen mata suka ƙware wajen nuna fara'a da sakin fuska a waje, suna killace ainihin abin da ke ransu inda ba mai iya taɓa shi. Mu a harshenmu mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na yarda akwai zamanin da wannan magana ita ce iyakar hikima. Tambayata ita ce: garkuwar da aka ɗauka don kare kai daga maƙiyi, me ya sa har yanzu ake riƙe da ita a gaban 'yar cikinku?

Abin da 'ya take gani a wurin irin wannan uwa shi ne ƙarfi, ba ta ganin kuɗin da aka biya. Duniya ta san hoton Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara shida da jami'an tsaron tarayya suka raka makarantar firamare ta William Frantz a New Orleans, wadda a da ta Turawa ce zalla, ranar 14 ga Nuwamba, 1960, taron Turawa na zaginta. Ba kowa ne ya san cewa mahaifiyarta Lucille ce ta dage a kan sai ta je ba, a lokacin da mahaifin yake ɗari-ɗari, kuma ita ce ta riƙe hannunta suka ratsa taron. Irin wannan uwa abar alfahari ce. Sai dai yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta ba ta kuka, ba ta kwanciya ciwo, ba ta neman taimako, za ta ɗauka haka mace take, ranar da nata jikin ya fara ba ta alamar haɗari kuwa sai ta ce bari in daure, ai Mama ta daure. Wata masaniyar aikin jinya, Cheryl Woods-Giscombé, ta yi nazarin wannan hali a 2010, ta kuma lissafa alamominsa: jin cewa wajibi ne a nuna ƙarfi, da danne damuwa, da ƙin dogaro da kowa, da sa buƙatun kowa a gaban na kai, har mace ta yi ta ɗage zuwa asibiti. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Na ɗauke shi a matsayin tabon yaƙi, amma tabo ba abin da ake ba 'ya gado ba ne.

Akwai kuma dalili na musamman da ya sa maganar asibiti ta fi kowace wuyar fita daga bakinku. Tsakanin 1845 da 1849, a Montgomery ta jihar Alabama, likita J. Marion Sims ya yi ta gwajin aikin yoyon fitsari a jikin bayi mata ba tare da maganin kashe zafi ba. Uku kaɗai aka san sunayensu, Anarcha da Betsey da Lucy, kuma Anarcha ita kaɗai an yi mata aikin kusan sau 30. Sai a 2018 aka cire gunkinsa daga gefen dandalin Central Park na New York. A 1961 Fannie Lou Hamer, 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ta shiga asibiti a Mississippi don a cire mata ƙari, aka cire mata mahaifa ba da saninta ba. A 1973, a wannan gari dai na Montgomery, aka ɗaure mahaifar wasu 'yan'uwa biyu, Minnie Lee Relf mai shekara 14 da Mary Alice Relf mai shekara 12, bayan an sa mahaifiyarsu, wadda ba ta iya karatu ba, ta yi alamar X a kan takarda tana zaton izinin allurar tazarar haihuwa take bayarwa. Ku dubi halin da aka jefa wannan uwa: da hannunta aka yanke zuriyar 'ya'yanta. Jihar North Carolina ita kaɗai ta hana mutum kimanin 7,600 haihuwa tsakanin 1929 da 1974 a ƙarƙashin wata hukuma ta gwamnati, kuma a shekarun ƙarshe na shirin baƙaƙen mata ne suka fi yawa. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka suna raye har zuwa kwanan nan, wasunsu kuma sun ɗauki abin a matsayin abin kunyarsu, alhali kunyar ta waɗanda suka aikata ce.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka tsinke wata igiyar da take ɗauke da ilimin haihuwa daga tsohuwa zuwa yarinya, wato ungozomomin kudu. Margaret Charles Smith ta Alabama misali ce. An haife ta a 1906, mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, kakarta da ta taɓa zama baiwa ce ta raine ta, ta kuma girma ta karɓi haihuwa fiye da dubu uku a ƙauyukan da asibiti ba ya karɓar baƙar mace ko kuma ba ta da kuɗin zuwa. Irin waɗannan mata sun san tarihin kowane gida. Ungozomar da ta karɓi haihuwar uwa ita ce take karɓar ta 'ya, ta san cewa matan wannan zuriya suna zubar da jini, na waccan kuma ƙafafunsu na kumbura. Jihar Alabama ta kawo ƙarshen ba su izinin aiki da dokar 1976. Ba ina cewa a bar asibiti a koma gida ba ne, domin tiyata da ƙarin jini sun ceci rayukan da ba ungozomar da za ta iya cetowa. Abin da nake cewa shi ne, da ungozoma ta tafi, ma'ajiyar tarihin jikin matan gidan ta tafi da ita, likitan da zai ga 'yarku na 'yan mintoci kuwa bai san komai a kan kakarta ba. Wannan ilimi yanzu ba shi da wani mazauni sai bakinku.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata 69.9 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farare kuma 26.6. A 2023 adadin ya sauka zuwa 50.3 ga baƙaƙe da 14.5 ga farare, wato mace-macen sun ragu amma tazarar ta ƙara faɗi, ta haura ninki uku. Hukumar ta kuma gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan mace-mace ana iya kauce musu. Ilimi da kuɗi ba su zama kariya ba: wani rahotonta na 2019 ya nuna cewa baƙar macen da ta gama jami'a ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a haihuwa. Dakta Shalon Irving ma'aikaciyar wannan hukuma ce, aikinta ma shi ne binciken bambancin lafiya tsakanin jinsunan mutane. Ta haifi 'yarta Soleil a watan Janairun 2017, ta yi ta komawa wurin ma'aikatan lafiya tana kukan kumburi da ciwon kai da hawan jini, ana sallamar ta, har ta yanke jiki ta faɗi mako uku bayan haihuwa, ta rasu tana da shekara 36. Mahaifiyarta Wanda Irving ce ta ɗauki rainon jaririyar, ta kuma ƙi yin shiru, har ta je gaban majalisar dokokin ƙasa ta ba da labarin 'yarta.

Ina so a fahimce ni da kyau a nan, domin an daɗe ana ɗora wa baƙar uwa laifin da ba nata ba. Rahoton da wani jami'in gwamnati mai suna Daniel Patrick Moynihan ya rubuta a 1965 ya jingina matsalolin iyalan baƙaƙen fata ga rinjayen mata a cikin gida, kuma har yau ana jin ɓurɓushin wannan tunani. Ba shirunku ne ya kashe Shalon Irving ba. Ta yi magana, ba a saurare ta ba ne. Ba kuma gadon halitta ne ya jawo wannan tazara ba. A 1997 wasu likitoci biyu, Richard David da James Collins, sun duba bayanan haihuwa na jihar Illinois, suka tarar cewa jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa Amurka nauyinsu ya yi kusa da na jariran farare, ya kuma ɗara na baƙaƙen matan da aka haifa a Amurka. Da matsalar a cikin halitta take, da mu da muka fito daga tushen ne za mu fi nuna ta. Wata masaniyar lafiyar al'umma, Arline Geronimus, ta ba da bayanin cewa zama cikin wariya shekara da shekaru yana cin jikin mace, yana tsofar da shi tun kafin lokaci. Gyaran wannan yana wuyan asibitoci da makarantun likitanci da 'yan majalisa, kuma ku kanku kuna kan matsa musu. Amma kafin su gyara, akwai yarinyar da za ta shiga ɗakin haihuwa a wata mai zuwa, ita kuma abin da za ta shiga da shi yana hannunku.

Ga abin da labarinku zai yi mata a zahiri. Hawan jinin masu juna biyu, wanda yakan bayyana bayan mako na 20 kuma yakan rikiɗe ya zama jijjiga, yana bin dangi: macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi shi ta fi kusa da kamuwa. Ƙa'idar da kwamitin rigakafi na Amurka ya sabunta a 2021 ta sa wannan tarihi na dangi cikin abubuwan da likita zai duba, ta kuma sa kasancewar mace baƙar fata a ciki saboda yanayin da take rayuwa, kuma idan irin waɗannan dalilai suka haɗu akan ba mai ciki ƙaramin asfirin, milligiram 81 a kullum, daga bayan mako na 12. Ƙwaya ce mai arha, amma likita ba zai yi duba ya san tarihin ba. Zai tambayi 'yarku ne, ita kuma in abin da ta sani kawai shi ne “an ce haihuwata ta zo da wahala”, to za ta ce babu. 'Yar tseren nan Allyson Felix, wadda aka yi wa aikin gaggawa aka ciro 'yarta a mako na 32 a 2018 saboda wannan ciwo, ta sha faɗa cewa ba ta san tana cikin masu haɗari ba. Abokiyar gudunta Tori Bowie an tarar da gawarta a gida a 2023 da ciki wata takwas. 'Yar wasan tenis Serena Williams kuwa, da numfashinta ya fara sarƙewa kwana ɗaya bayan haihuwarta a 2017, ta san ta taɓa samun gudan jini a huhu, saboda haka ta faɗi irin hoton da za a ɗauka da irin maganin da za a sa mata. An ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta, ta dage, aka duba, aka tarar da gaskiyarta. Sanin tarihin jikinta ne ya ba ta bakin dagewa.

Haka abin yake ga ƙarin mahaifa, wanda bincike ya nuna yana samun fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata kafin su kai shekara 50, kuma yakan zo musu da wuri ya fi tsanani. Yarinyar da take zubar da jini fiye da ƙima kowane wata tana ɗauka haka al'ada take, domin ba wadda ta gaya mata cewa an cire wa gwaggonta mahaifa a kan haka. Haka ga sikila, wadda kusan mutum ɗaya cikin 13 na baƙaƙen Amurka yake ɗauke da ƙwayarta. Haka ga sankarar mama, da ciwon suga na lokacin ciki, da haihuwar bakwaini, da ciwon damuwar da ke kama mai jego, wanda a da ake cewa gajiya ce ko raunin imani. Wanda yake shakkar yadda rashin sani ke cin 'ya, ya tuna Deborah, 'yar Henrietta Lacks. Mahaifiyarta ta rasu da sankarar bakin mahaifa a 1951 tana da shekara 31, Deborah na ƙarama ƙwarai. Aka ɗebi ƙwayoyin halittar uwar ba da izininta ba, suka zagaye ɗakunan binciken duniya, 'yar kuwa ta girma a gidan da ba a ambaton marigayiyar, ta yi shekaru cikin fargabar ciwon da ya kashe uwarta zai kashe ta, tana neman wanda zai gaya mata ko da launin da mahaifiyarta ta fi so.

Ba sai an shirya taro ba. Kuna da wurin da ba wanda ya taɓa iya ƙwace muku, wato lokacin da yarinya take zaune a tsakanin ƙafafunku kuna taje mata kai kuna kitsa shi, ba ta kallon fuskarku, ku ma ba kwa kallon tata, wanda hakan kan sauƙaƙa faɗar abu mai nauyi. Tun 2004 babban likitan gwamnatin ƙasarku ya ware ranar bikin godiya ta watan Nuwamba, da iyalai ke haɗuwa, a matsayin ranar tattara tarihin lafiyar dangi, akwai kuma makon lafiyar baƙaƙen iyaye mata da ƙungiyar Black Mamas Matter Alliance ta fara a 2018, daga 11 zuwa 17 ga Afrilu. Ku faɗi ciki nawa kuka ɗauka da nawa suka zo da rai, da wata nawa aka haifi kowane ɗa, da ko an yi muku aiki da dalilinsa, da ko an ƙara muku jini, da abin da ya kashe mahaifiyarku da kakarku da shekarun da suka rasu. Ku faɗi sunayensu cikakku, har da sunan gidan ubansu kafin aure, domin sunan mace shi ne yake fara ɓacewa a takarda. Sai a 2009 masu bincike suka gano wa Michelle Obama sunan Melvinia, yarinya baiwa da aka ambata a wata wasiyya ta 1850 a South Carolina, daga baya aka yi mata kuɗi dala 475, wadda daga tsatsonta mahaifiyarta Marian Robinson ta fito. Ba kowace 'ya ce za a yi wa wannan hidima ba. A rubuta a littafi, ko a naɗa a waya, a kuma ba fiye da mutum ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwana 'ya'ya mata, da ku nake a wannan gaɓa. Tambayar uwa ba gurfanar da ita gaban shari'a ba ce. Na ga yadda ya zama yayi a zauna a intanet ana lissafa laifuffukan iyaye da sunan neman waraka, kuma ban musa cewa wasu iyayen sun yi tsanani har sun ji wa 'ya'yansu rauni ba. Amma matar da ta yi miki tsawa don kada ki ɗaga wa ɗan sanda murya, ko ta hana ki kwana gidan ƙawa ba tare da ta faɗi dalili ba, sau da yawa wani abu take gani wanda ya taɓa faruwa da ita. Ki fara da tambayar da ke da sauƙin amsawa, kamar yadda aka yi ranar da aka haife ki, ki bar sauran su zo da kansu. In ta kai wani wuri ta tsaya, ki ƙyale ta. Akwai abin da haƙƙinta ne ta riƙe, kuma tarihin lafiya ake nema, ba tonon asiri ba. In mahaifiyarki ta riga ta rasu, ko zama bai yi daɗi tsakaninku ba, akwai inna da gwaggo da aminiyarta ta ƙuruciya, waɗanda galibi sun san abin da ko mijinta bai sani ba.

Abu na ƙarshe da zan roƙa, iyayena, ya shafi bayan haihuwa. Binciken CDC na shekarun 2017 zuwa 2019 ya nuna cewa fiye da rabin mace-macen da ke da alaƙa da ciki suna faruwa ne tsakanin kwana bakwai da shekara ɗaya bayan an sauka, wato lokacin da 'yan barka sun watse, hankalin kowa ya koma kan jariri. A nan ne kaka take da aikin da ba wanda zai yi mata. Ku je ku zauna da mai jego in da hali, ku ajiye na'urar awon jini a gidan, ku san cewa awon da ya kai 140 bisa 90 abin kiran likita ne, wanda ya kai 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne. Ciwon kan da ba ya jin magani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska ko hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da sarƙewar numfashi, da zubar jini mai yawa, ba abubuwan da ake ce wa “daure” ba ne. Ku raka ta asibiti, ku gaya wa duk wanda ya karɓe ta cewa ta haihu kwanan nan da kuma abin da ya taɓa samun matan gidanku, in an nemi sallamar ta ba tare da an duba ba ku nemi a rubuta a fayil ɗinta cewa kun nemi gwaji an ƙi, ku kuma nemi ganin wani likitan.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sauki 'ya'yanku lafiya, ya raya abin da suka haifa.

Taku cikin girmamawa,
Wata 'yarku daga Afirka ta Yamma